Masu raba magani a gidajen kula da tsofaffi na Amurka: tambayoyi da amsoshi kan horo, takardar shaida da sa idon nas

Idan ka shiga gidan kula da tsofaffi a Amurka da misalin ƙarfe takwas na safe, za ka tarar da wata ma'aikaciya tana tura ƙaramin keken magani mai aljihuna da makulli, tana bi ɗaki-ɗaki, kofin ruwa a gefe, kwamfuta ko babban fayil a sama. Baƙo zai ɗauka nas ce. Sau da yawa ba nas ba ce, mai raba magani ce da aka yi wa gajeren horo, kuma akwai nas a bayanta da ke ɗauke da alhakin abin da take yi. Ga tambayoyin da masu neman wannan aiki da dangin mazauna irin waɗannan gidaje suka fi yi.

Wane ne mai raba magani, kuma me ya raba shi da nas?

Ma'aikaci ne da ba shi da lasisin aikin jinya, amma aka koya masa yadda zai ba mutum maganin da likita ya riga ya rubuta, a kan lokaci, yadda aka rubuta, sannan ya rubuta cewa ya bayar. Iyakarsa ke nan. Ba ya duba mutum ya ce ga abin da ke damunsa, ba ya ƙara ƙwaya ko ya rage, ba ya canja lokaci don ya ga haka ya fi dacewa. Nas ta yi shekaru tana karatu kafin ta ci jarrabawar lasisi, kuma abin da aka horar da ita a kai shi ne nazarin halin maras lafiya da yanke shawara. To wannan ɓangaren ne ba a miƙa wa kowa. Hannun da ke miƙa ƙwayar na mai raba magani ne, hukunci kuwa yana wurin nas da likita.

Sunan aikin ya bambanta daga jiha zuwa jiha. A Maryland ana taƙaita shi da CMT, wasu jihohin suna cewa CMA, wasu QMA.

Shi ne wanda ke aiki a kantin magani?

A'a. Wancan yana taimaka wa mai haɗa magani ne wajen ƙirga da ƙunshewa da liƙa takarda, horonsa daban, takardar shaidarsa daban. Wannan kuwa yana tsaye ne gaban wanda zai haɗiye maganin.

Me ya sa ba a bar wa nas-nas aikin gaba ɗaya ba?

Saboda ba su wadata ba, kuma ɗaukarsu da tsada. Tsoho ɗaya yana iya shan magani kala takwas ko goma a rana: na hawan jini, na suga, na tsinka jini, na fitsari, na barci. Idan gida yana da mutum talatin, rabon safe kaɗai ya isa ya cinye wa nas rabin yininta, ba ta duba gyambon wannan ba, ba ta kira likita kan wancan da ƙafarsa ta kumbura ba. Dabarar ita ce a ɗauke mata rabon yau da kullum ga mutanen da lafiyarsu ta daidaita, ita kuma ta ji da abin da ba wanda zai iya sai ita. Dabara ce mai ma'ana, muddin lokacin da aka sama wa nas ɗin ya tafi wurin duba mutane. Inda aka mayar da abin hanyar rage albashi kawai, an ɓata rawa da tsalle.

Awa nawa ake yi ana horon?

Nan ne mutane ke mamaki, domin babu doka ɗaya da ta game ƙasar. Kowace jiha da nata tsarin.

A Maryland kwas ɗin CMT awa 20 ne, hukumar aikin jinya ta jihar ce ke ba da takardar shaida, kuma mai ita yana aiki ne a wurare irin su gidajen da tsofaffi ke zaune ana taimaka musu, gidajen masu naƙasa, da makarantu. Amma a wannan jihar dai, wanda zai raba magani a gidan jinya, wato inda marasa lafiya suka fi jin jiki, sai ya fara zama mataimakin jinyar tsofaffi, ya yi aiki, sannan ya ƙara wani kwas na awa 60. A Virginia horon awa 68 ne, an ware wani ɓangare nasa musamman domin insulin, allurar masu ciwon suga. A Texas ya kai awa 140, 100 daga ciki a aji, sauran kuma gwaji da aiki a gaban malami. Majalisar hukumomin aikin jinya na jihohi, NCSBN, ta fitar da manhajar misali mai awa 100: 60 na karatu, 40 na aiki a aikace. Shawara ce, ba tilas ba ce a kan kowace jiha.

Don a kwatanta: dokar tarayya ta 1987 ta wajabta wa mataimakin jinya, mai yi wa mutum wanka da ciyar da shi da juya shi a gado, horon aƙalla awa 75 idan yana aiki a gidan jinyar da ke karɓar kuɗin Medicare ko Medicaid, wato shirye-shiryen inshorar lafiya na gwamnati. Ke nan a wasu wurare mai miƙa maganin zuciya ya fi mai canja zanin gado ƙarancin zama a aji. Ba wai awa 20 ba ta koyar da komai ba ne, tana koyarwa. Amma duk wanda ya tsara kwas mai wannan gajarta ya tsara shi ne bisa zaton akwai nas da za ta ci gaba da koyarwa a wurin aiki.

Me ake koyarwa?

Tushen duka shi ne tambayoyi biyar da ake yi kafin kowace ƙwaya ta bar hannu: mutumin ne? maganin ne? adadin ne? hanyar ce, ta baki ko ido ko fata? lokacin ne? Yawancin malamai suna ƙara ta shida: an rubuta? Sai kuma ƙa'idar karanta takardar jikin magani sau uku: lokacin ɗauko shi, lokacin cire ƙwayar, da kafin a mayar da shi ko a miƙa. Kowane karo ana gwama ta da takardar rabon magani ta mutumin, wadda ake kira MAR.

Ana koyar da lissafi, kuma wasu jihohin sai ka ci gwajin lissafi da na karatu kafin ma a karɓe ka. Likita ya rubuta miligiram 50, ƙwayar da ke aljihun keke ta 25 ce, biyu za ka bayar. Wannan mai sauƙi ne. Mai haɗarin shi ne ɗigon da ake sawa tsakanin lambobi. Idan aka rubuta 1.0 ɗigon bai fito ba, ido zai karanta 10. Idan aka rubuta .5 ba sifili a gaba, sai ya zama 5. Shi ya sa ake rubuta 1 ziryan, kuma a rubuta 0.5. Tun 2004 hukumar Joint Commission mai tantance asibitoci ta haramta wasu gajerun rubuce-rubuce, ciki har da harafin U a madadin ma'aunin insulin, domin da rubutun hannu yakan koma kamar sifili, 4 ya zama 40. Miligiram da maikirogiram kuma sun yi kama a takarda, alhali tsakaninsu ninki 1,000 ne.

Akwai magunguna masu sunaye kamar tagwaye. Hydroxyzine na ƙaiƙayi da rashin natsuwa ne, hydralazine na hawan jini. Mai gaggawa da ya kalli haruffan farko kaɗai ya shiga uku, shi ya sa ake buga ɓangaren da suka bambanta da manyan haruffa.

Sai ƙananan abubuwan da ba a san nauyinsu sai an shiga aikin. Ƙwayar da aka ƙera don ta riƙa sakin magani a hankali cikin yini ba a daka ta, domin in an daka, abin da ya kamata jiki ya samu cikin awa 12 ko 24 zai shige shi lokaci guda. Maganin ƙarfafa ƙashi alendronate ana shan sa ne da cikakken kofin ruwa, ciki ba komai, kuma mutum ba zai kwanta ba sai bayan minti 30, in ba haka ba ya ƙona masa maƙoshi. Filastar fentanyl ta kashe zafi yawanci awa 72 take yi, kuma kafin a manna sabuwa sai an nemo tsohuwar an ɓare ta, ko da ta zame ta koma bayan kafaɗa. Ɗigon ido kala biyu ba a jera su, sai an ba da tazarar kamar minti 5. Nitroglycerin na ciwon ƙirji ƙarƙashin harshe ake sa shi, ba a haɗiyewa.

Ana kuma koyar da wanke hannu, ajiyar magani a firji ko a kulle, alamomin da ke nuna jiki bai karɓi magani ba, da riƙe sirrin maras lafiya kamar yadda dokar HIPAA ta 1996 ta tanada.

Bayan kwas, sai me?

Jarrabawa a rubuce, da gwaji a aikace inda nas ke tsaye tana kallon ka kana rabo daga farko har ƙarshe. Wasu jihohin suna amfani da jarrabawar ƙasa da NCSBN ta tsara mai suna MACE, wasu suna da tasu. Galibi ana binciken ko mutum yana da tarihin aikata laifi, sannan a sa sunansa a rajistar jiha, inda mai ɗaukar aiki zai iya dubawa. Takardar ba ta har abada ba ce. A Maryland duk shekara 2 ake sabunta ta, bayan ɗan gajeren kwas na tuni.

Takardar wata jiha tana aiki a wata?

Ba kai tsaye ba. Nas-nas suna da yarjejeniyar da ke ba su damar aiki a jihohi da dama da lasisi ɗaya, amma ba ta shafi masu raba magani ba. Wanda ya ƙaura sai ya tuntuɓi hukumar sabuwar jihar, kuma kada ya yi mamaki idan aka ce ya koma aji.

Waɗanne abubuwa ne aka hana shi?

Abin da kusan kowa ya yarda a kai: ba ya sa ƙarin ruwa, ba ya yin allurar jijiya, ba ya karɓar sabon umarnin likita ya fassara shi da kansa, ba ya yanke shawarar dakatar da magani. Jihohi da yawa sun hana shi ba da kashin farko na sabon magani, saboda a nan ne ake jin tsoron jiki ya yi bore. Insulin da maganin da ake zubawa ta bututun ciki su ne wuraren saɓani: wata jiha ta yarda bayan ƙarin horo, wata ta hana ɗungurungum. Ba a ɗauko dokar wata jiha a yi aiki da ita a wata, ko da abokin aikinka ya rantse haka suke yi a can.

Ana cewa nas ce ke "wakilta" shi. Me hakan ke nufi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi duk sauran nauyi. A jihohi da yawa takardar shaida kaɗai ba ta ba mutum izinin ba kowa magani ba. Tana nuna ya cancanci a wakilta shi ne kawai. Izinin yana fitowa ne daga wata nas takamaimiya, domin wasu mutane takamaimai da ta duba da idonta ta ga lafiyarsu ta daidaita, abin da zai biyo bayan maganin kuma sananne ne.

Ƙa'idojin da NCSBN da ƙungiyar nas-nas ta Amurka, ANA, suka fitar tare a 2019 sun tsaya kan abubuwa biyar. Aikin ya zama irin wanda doka ta yarda a miƙa. Yanayin maras lafiyar ya zama ya dace. Wanda za a miƙa wa ya zama ya iya. Umarnin ya fito a fili. Sannan a sa ido, a bi sawu. Nas ta miƙa aikin, amma alhakin shawarar miƙawar yana wuyanta, lasisinta ne ke cikin haɗari idan ta wakilta wanda ta san bai ƙware ba. Shi ma wanda aka wakilta yana da nasa alhakin: ya yi yadda aka ce, kuma ya ƙi karɓar abin da ya san bai iya ba. Ba shi da ikon ya sake miƙa aikin ga wani.

Ga yadda abin yake a aikace. Wata tsohuwa tana shan digoxin, maganin zuciya. Umarnin ya ce a auna bugun jini tukuna, idan ya gaza 60 a minti a riƙe maganin a kira nas. Ma'aikaciya ta ɗora yatsu biyu a wuyan hannunta, ta ƙirga cikakken minti, ta samu 54. Ta sake, 55. Ba ta tsaya tunanin ai biyar ce kawai ta rage ba. Ta mayar da ƙwayar, ta rubuta adadin, ta ɗauki waya. Nas ta tambaye ta: tana jin jiri? ta yi amai? ta ci abincin jiya? ta ce tana ganin abubuwa da launin ɗorawa? Waɗannan tambayoyin su ne bambancin. Ma'aikaciyar ta san lamba, nas ta san abin da lambar ke iya ɓoyewa, wato maganin ya taru a jini. Kowaccensu ta yi nata, kuma da umarnin bai ambaci 60 ƙarara ba, da ba a kai ga kiran ba.

Dole nas ta kasance a cikin ginin?

Ya danganta da irin gidan. Gidajen jinya da ke karɓar kuɗin Medicare ko Medicaid suna ƙarƙashin dokar tarayya, wadda ta daɗe da wajabta a samu nas mai lasisi dare da rana, da babbar nas mai rajista aƙalla awa 8 a jere kowace rana. A nan kuma mai haɗa magani yana bitar magungunan kowane mazauni duk wata.

Gidajen da tsofaffi ke zaune ana taimaka musu kawai, jihohi ne ke tsara su, kuma a da yawansu babu nas da dare. Tana gida, waya ce tsakani. Maryland ta ce nas mai wakiltawa ta zo da kanta aƙalla duk kwana 45, ta duba mazauna, ta bi takardun rabo, ta ga yadda ma'aikata ke aiki. Kwana 45 kuwa mafi ƙaranci ne, ba abin tinƙaho ba. Wanda ya dawo daga asibiti da sabbin magunguna huɗu ba zai jira zagayowar wata da rabi ba. A ganina ma'aunin sa ido na gaskiya ba ranar ziyara ba ce: idan aka kira ta ƙarfe biyun dare tana ɗauka? In ta ɗauka, tana amsawa ta yadda gobe ma'aikacin zai sake kira ba tare da fargaba ba? Nas mai tsawa tana koya wa ma'aikata su daina kira, daga nan kuma sai su fara hukunci da kansu.

Maganin da aka ce a bayar "idan buƙata ta taso" fa?

Ana kiran sa PRN, kuma tarko ne, domin gane buƙata ta taso shi kansa hukunci ne. Shi ya sa umarnin dole ya fayyace komai: don wane ciwo, nawa, tazarar awa nawa, iyakar sau nawa a yini. Umarnin da ya ce "ƙwaya ɗaya ko biyu" bai dace da mai raba magani ba, don ya bar masa zaɓi. Wasu jihohin ma sai an kira nas kafin kowane bayarwa. Bayan an bayar ana komawa a duba ko ya yi aiki, a rubuta.

Inda aka fi sa ido shi ne magungunan kwantar da hankali ga masu ciwon mantuwa. Tsoho yana kai-kawo yana faɗa, ma'aikata sun yi kaɗan, ƙwaya na nan a aljihu. Wataƙila fitsari ne ya matse shi, wataƙila ciwo yake ji ya kasa faɗa. Ba wa mutum magani don a huta da shi abu ne da dokar gidajen jinya ta haramta.

Idan mutum ya ce ba zai sha ba?

Haƙƙinsa ne. Ba a ɗura masa, ba a yi masa barazana, ba a ɓoye ƙwaya cikin abinci bisa ra'ayin ma'aikaci. Ana tambayar dalili cikin ladabi. Wani ɗaci ne ya dame shi, wani ƙwayar ta yi masa girma, wani kuwa cewa zai yi: "Wannan ba irin tawa ba ce, tawa fara ce." Wannan maganar ba a wasa da ita. A tsaya, a koma takarda. Sau da yawa kamfani aka canja, launi ya canja. Wani lokacin kuwa tsohon ne ke da gaskiya. Idan ya ƙi, a ɗan jima a sake gwadawa cikin lokacin da aka yarda, wanda ga yawancin magunguna awa ɗaya ce kafin ko bayan lokacin da aka sa. Ya sake ƙi, a rubuta, a sanar da nas.

An yi kuskure. Me ake yi?

A fara duba mutumin. Idan numfashi yana yi masa wuya, ko fuska da leɓe sun kumbura, ko ya ƙi farkawa, lambar agajin gaggawa, 911, ake kira kafin kowa. In ba haka ba a kira nas nan take, a gaya mata abin da aka bayar, nawa, da ƙarfe nawa, ita ta sanar da likita. Sannan a cike takardar rahoto. Ba a goge abin da aka rubuta, ba a sa hannu a gurbin da aka tsallake don takarda ta yi kyau, ba a ninka kashi na gaba don cike wanda aka manta.

Dokar tarayya ta ce yawan kuskuren magani a gidan jinya kada ya kai kashi 5 cikin 100, kuma masu bincike sukan bi ma'aikaci a baya suna ƙirgawa yayin rabo. Yawanci kuskuren da aka kai rahotonsa da wuri yana ƙarewa ne da ƙarin horo. Wanda aka ɓoye shi ne ke cin takardar shaida. Kuma nas ta gari ba ta tsaya kan wa ya yi ba, tana tambayar sau nawa aka katse shi yana tsakar rabo, mutum nawa aka ɗora masa, ko akwai mazauna biyu masu suna iri ɗaya a layi ɗaya.

Me ya sa ake ƙirga wasu magunguna duk canjin aiki?

Magungunan kashe zafi masu ƙarfi irin su morphine da oxycodone suna cikin waɗanda dokar tarayya ta 1970 ta kasa gida biyar bisa haɗarin kamuwa da jarabarsu. Ana ajiye su ƙarƙashin makulli biyu. Mai tashi da mai karɓar aiki suna tsayawa tare, ɗaya yana riƙe da littafi, ɗaya yana ɗaga katin ƙwayoyin yana ƙirgawa da baki: "Sha bakwai." "Sha bakwai." Su sa hannu su biyu, sannan makulli ya canja hannu. Idan littafi ya ce 17 kati ya nuna 16, ba mai tafiya gida sai an kira nas. Ƙwayar da ta faɗi ƙasa ma ba a jefar da ita sai da shaida. Sabon ma'aikaci da aka ce masa "sa hannu kawai, na riga na ƙirga" ya ƙi, ko da mai maganar ta girme shi a aiki da shekara goma.

Mahaifiyata tana irin wannan gida. Me zan tambaya?

Wa ke ba ta magani, kuma wace takarda yake da ita? Wace nas ce ke wakilta shi, yaushe ta ga mahaifiyar taki da idonta na ƙarshe? Da dare wa ake kira? Idan kina da hurumin haka, ki nemi ganin takardar rabon, ki duba ko akwai guraben da ba sa hannu. Bayan kowace dawowa daga asibiti ki tambaya wa ya gwama tsohon jerin magunguna da sabon, don a nan ne magani ɗaya ke shigowa sau biyu da suna biyu. Kuma kada ki kawo mata wani magani ko ƙarin sinadari daga gida ki ajiye a durowa ba tare da nas ta sani ba, musamman idan tana shan warfarin, maganin tsinka jini.

Aikin yana kai mutum ga zama nas?

Ba ya rage wa mutum shekarun karatun jinya, kuma ba ya maye gurbin jarrabawar lasisi ta NCLEX. Amma da yawa daga nan suke farawa, suna aiki suna biyan kuɗin makaranta, wasu gidajen ma suna tallafa wa ma'aikatansu da kuɗin karatu. Wanda ya yi shekara biyu yana tura keken nan yana shiga ajin ilimin magunguna da sunaye ɗari a kansa, ya san launinsu, ya san wanda ake sha kafin karin kumallo da wanda ba a dakawa. Abin da zai tarar sabo shi ne dalilin kowannensu.